Yadda ake shirin tiyatar rage ƙiba, da yadda ake samun abokan tafiya

Ranar da likita ya fara yi mini maganar tiyata, nauyina kilo 118, tsawona mita 1.60. Ina shan maganin hawan jini iri biyu, siga ya fara hawa, sallah kuwa a kan kujera nake yin ta saboda gwiwoyi sun ƙi. Na fito daga ofishinsa ban san mutum ko ɗaya da aka taɓa yi wa wannan aikin ba, kuma wallahi wannan rashin sanin ya fi tsoron aikin kansa hana ni barci. Sai bayan wata uku Allah ya haɗa ni da wata baiwar Allah da ta riga ni da shekara ɗaya da rabi, wadda har yau nake kira Anti. Abin da na ji daga bakin likitoci da abin da na ji daga bakinta, su ne zan bi daki-daki a nan. Zan riƙa cewa "ki" domin mata ne suka fi yawa cikin masu yin aikin, amma in aka cire maganar juna biyu, sauran duk ya shafi namiji.

Mataki na farko: a tabbatar aikin naki ne

Wannan ba tiyatar gyaran sura ba ce, ba ita ce ta zuƙe kitse ko ɗame tumbi da ake tallatawa ba. Aiki ne a kan jakar abinci da hanji, ana yi wa wanda ƙiba ta zame masa cuta. Abin da likita zai fara dubawa shi ne ma'aunin BMI: ki ninka tsawonki na mita da kansa, sannan ki raba nauyinki da abin da ya fita. Nawa, 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, da aka raba 118 da shi sai ya ba da 46. Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi ita ce wadda cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta fitar: BMI 40 zuwa sama, ko 35 in akwai wata cutar da ƙibar ta jawo, kamar ciwon siga, hawan jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2022 ƙungiyar likitocin fannin ta Amurka da takwararta ta duniya suka sassauta: 35 ya wadatar ko ba wata cuta, mai ciwon siga nau'i na biyu kuma ana iya duba lamarinsa tun daga 30. Ki tambayi asibitinki wacce suke bi.

A wannan zama na farko ki tsage wa likita gaskiya. In kin taɓa shan "sha ka fashe" lokacin shirin aure ko bayan haihuwa, ki faɗa, ki kai kwalin in yana nan. Da yawa cikin waɗannan haɗe-haɗen akwai deksametason a ciki, maganin da ke hana rauni warkewa da wuri, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke shi rana ɗaya sai a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Haka jiƙe-jiƙen gargajiya da shayin rage teɓa. In kina yin allurar siga ko ta rage ƙiba irin su Ozempic ko Mounjaro, ita ma a sani, domin tana jinkirta saukar abinci, likitan sa barci kuwa yana bukatar cikinki ya zama wayam ranar aiki. Wata ma likitan zai ga allurar ta ishe ta a yanzu, ba sai an kai ga ɗakin tiyata ba.

Mataki na biyu: ki san abin da za a yi wa cikinki

Ayyuka biyu ne suka fi yawa a yau. Na farko ana ce masa silib. Ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na jakar abinci a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin grelin mai sa jin yunwa, shi ya sa watannin farko mutum kan manta ma da lokacin abinci. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba a mayarwa. Na biyu shi ne baifas, wanda wani likita mai suna Edward Mason ya fara a jihar Ayowa ta Amurka a tsakiyar shekarun 1960. A nan ba a fitar da komai: ana ware 'yar jaka kamar girman ƙwai a sama, a jona ta da ƙaramin hanji kai tsaye, abinci ya tsallake sauran jakar da farkon hanjin. Duka biyun yanzu ta ƙananan huji huɗu ko biyar ake yi da kyamara, cikin awa ɗaya zuwa uku.

Zaɓi ba na sha'awa ba ne. Mai fama da ƙwannafi mai tsanani, silib na iya ƙara mata shi, baifas kuwa yakan kwantar da shi. Baifas ya fi ƙarfi kan ciwon siga, amma ya fi jawo ƙarancin bitamin da ƙarancin jini. Wani bincike da aka yi a asibitin Cleveland kan masu siga 150, aka buga a 2012 aka kuma bi su har shekara biyar, ya nuna waɗanda aka yi wa ɗaya daga cikin ayyukan biyu sigansu ya fi daidaita a kan waɗanda suka tsaya ga magani kaɗai. Yawanci mutum kan sauke kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa a shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki lissafa naki tun yanzu. Mai kilo 120 tana iya tsayawa wajen 80 zuwa 90, ba 55 ba, kuma wadda ta san haka tun farko ba ta karaya daga baya.

Mataki na uku: ki nemo wadda ta riga ki

Na sa wannan kafin zaɓen asibiti da gangan, domin a ganina shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi riƙe mutum. Likita zai ba ki minti 20 a wata. Sauran kwanakin watan fa, da ƙarfe biyun dare da kurɓin ruwa ya tsaya miki a ƙirji kina tunanin ko wani abu ya ɓaci? Maigida yana ƙaunarki, Hajiya tana miki addu'a, amma ba wanda ya taɓa ƙoshi da cokali uku a cikinsu.

Hanya mafi tsabta ita ce ta asibiti. Ki ce wa likita ko nas ɗin sashen: "Don Allah ko akwai wata da kuka yi wa aikin nan shekara guda da ta wuce, da za ta yarda mu yi magana?" Ba za su ba ki lambarta ba, haƙƙinta ne, amma za su iya ba ta taki. Haka na sami Anti. Masaniyar abinci ta asibitin ita ma takan san wace ce mai sakin fuska. Wasu asibitocin suna da zaman wata-wata na waɗanda aka yi wa aiki. In akwai, ki fara zuwa tun kafin a sa miki rana, ki zauna ki saurara kawai.

Hanya ta biyu ita ce zaurukan WhatsApp da Facebook. Akwai alheri a cikinsu, akwai kuma 'yan kasuwa. Ki yi mako biyu kina karatu ba ki ce uffan ba. Zauren kirki za ki ga ana faɗin wahala kamar yadda ake faɗin nasara: wannan ta yi amai kwana uku, waccan nauyinta ya dawo kilo takwas a shekara ta uku, kuma ba a yi mata dariya ba. Za ki ga in wata ta ce zuciyarta na bugawa da sauri ga zazzaɓi, amsar da za ta fara samu ita ce "tafi asibiti yanzu". Zauren da kullum hoton da da na yanzu ake jerawa, sunan asibiti ɗaya ake yabo, mai gudanarwa kuma ya biyo ki ta bayan fage da maganar ragin kuɗi in kin biya a wannan makon, wannan dillali ne, la'ada yake nema. Inda ake rubuta wa juna magani da adadinsa, ki fita. Kada ki tura hoton jikinki ko takardar gwajinki a zauren da ba ki san mutanensa ba, abin da ya shiga waya ɗari ya fi ƙarfinki. Zaurukan Turawa kuma suna da amfani wajen fahimtar aikin, sai dai abincinsu ba namu ba ne, ba wanda zai gaya miki yaushe za ki iya taɓa tuwo.

In kin same ta, kada ki tsaya kan "kilo nawa kika sauke?" Ki tambaye ta wace rana ce ta fi mata wuya. Me ta saya da bai yi amfani ba. Nawa take kashewa kan bitamin da gwaji a shekara. Da ta sami matsala, likitan ya ɗaga waya? Me ta ce wa dangin miji? Yaya ta yi da azumin farko? In da za a mayar da ita baya, za ta sake yi? Da na yi wa Anti wannan ta ƙarshe, sai da ta yi shiru kafin ta ce, "Zan sake, ƙanwata. Amma sati biyun farko na yi kuka na ce me ya kai ni. In ya zo miki, ki kira ni, kada ki ɗauka ke kaɗai ce." Ya zo kuwa, a kwana na tara, kuma na kira ta.

Daga baya muka zama mu huɗu: Anti a gaba, ni da wata da aka yi mana wata ɗaya, sai wata da ke shiri. Ƙaramin rukuni irin wannan ya fi zauren mutum 500 amfani, domin in kin yi shiru kwana biyu za a neme ki. Ƙa'idarmu biyu ce: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, kuma ba mai zama likitar wata.

Mataki na huɗu: asibiti da likita

Ana yin aikin a wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja, mutanenmu kuma suna zuwa Masar, Indiya, Turkiyya da Dubai. Ko'ina ne, tambayoyin iri ɗaya ne, kuma ki yi su ga likitan da zai riƙe kayan aikin da hannunsa, ba ga wakili ba. Aiki irin wannan nawa yake yi a shekara? Cikin waɗanda ya yi wa, nawa ne ɗinkinsu ya yi yoyo, kuma yaya aka yi da su? Akwai ɗakin kulawa ta musamman da bankin jini a cikin asibitin? Kuɗin da aka yanka ya haɗa da me, in an koma ɗakin tiyata karo na biyu wa zai biya? Akwai masaniyar abinci da likitan ƙwaƙwalwa a tawagar? Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ki amsa. A Najeriya ana iya tabbatar da rajistar likita a MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista. A ƙwararrun asibitoci haɗarin rasa rai a aikin nan ƙarami ne, kusan ɗaya cikin dubu a ƙididdigar likitocin Amurka, amma wannan lissafin na inda ake da kayan aiki da bibiya ne. Araha ba ta ado.

Mai fita waje tana da ƙarin aiki guda: kafin ki sayi tikiti, ki sami likita a gida wanda ya yarda zai karɓe ki in kin dawo. Na ga wadda ta dawo da ciwon ciki tana yawo asibiti-asibiti, kowa na cewa ba shi ya yi aikin ba. Kada ki yarda da shirin da zai ɗora ki a jirgi kwana uku bayan aiki. Yoyon ɗinki yakan bayyana ne cikin kwanakin farko zuwa mako biyu, doguwar zama a jirgi kuma tana jawo daskarewar jini a ƙafa. Ki dawo da cikakken rahoton tiyata a rubuce da Turanci. Ki kuma ware kuɗin ko-ta-kwana daban, kada ki zuba duk abin da kika tara a kuɗin aikin.

Mataki na biyar: gwaje-gwaje

Za a ɗebi jini a duba yawansa, aikin ƙoda da hanta, matsakaicin siga na wata uku, sinadarin ƙarfe, bitamin D da B12, ciwon hanta da rukunin jini. Ki tabbatar an san jinotayif ɗinki. Za a yi gwajin zuciya, yawanci kuma a zura kyamara ta baki a leƙa jakar abinci. A nan ake gano ƙwayar cutar da ke kawo olsa, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, in an same ta a ba ki maganin kusan mako biyu kafin aiki. In maigida ya ce kina minshari har numfashi na ɗaukewa, ki faɗa, akwai gwajin barci. Zama da likitan ƙwaƙwalwa kuma ba zargin hauka ba ne. Yana so ya san ko abinci ne mafakarki in rai ya ɓaci, domin aikin zai rufe wannan ƙofar, gara a buɗe miki wata tun da wuri. Mai shan taba ko shisha sai ta daina aƙalla mako shida kafin aiki, hayaƙi yana hana ɗinki kamawa. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta gaya wa likita, ana iya dakatar da ita kusan wata guda saboda daskarewar jini, a sauya mata wata hanya.

Mataki na shida: maganar gida

A wurinmu ƙiba alamar jin daɗi ce, don haka kada ki yi mamaki in an ce kina neman yi wa Allah butulci. Da na gaya wa mahaifiyata cewa ta yi, "'Yar nan, lafiyarki ƙalau za ki kai kanki a yanka?" Ban yi gardama ba. Na roƙe ta ta raka ni asibiti, likita ya nuna mata sakamakon siga da na ƙoda ya yi mata bayani da Hausa. A mota ta ce, "Allah ya sa a yi a sa'a." Gani ya kori ji. Haka za ki yi da maigida: ya zauna ya ji da kunnensa, musamman maganar haihuwa da ta kuɗin bitamin, don kada ya ji su daga baya.

In zuciyarki na waswasi kan halacci, ki je wurin malamin da kika yarda da iliminsa da bayanin likita a hannu, ki nuna masa magani ake nema ba ado ba. Hadisin da ya umarci bayin Allah su nemi magani sananne ne. Ki yi istihara. Sannan ki zaɓi waɗanda za su sani, ba dole ba ne duniya ta ji. Amma lallai mutum biyu su san komai: mai jinya da za ta kwana da ke, da wanda zai iya tuƙa ki asibiti cikin dare. Ki tsara wanda zai riƙe girki da ɗawainiyar yara mako biyu zuwa uku, domin har mako huɗu zuwa shida ba ɗaukar bokitin ruwa, ba goyo, ba daka.

Mataki na bakwai: ki fara rayuwar bayan aiki tun kafin aiki

Wata biyu ko uku kafin ranar, ki fara koyon abin da zai zame miki dole. Ki raba ci da sha: ba ruwa minti 30 kafin abinci da minti 30 bayansa. Wannan ya fi komai ba ni wuya, na saba kora kowace loma. Ki koma ƙaramin faranti da ƙaramin cokali, ki tauna loma har ta zama kamar kunu, ki fara da nama ko wake ko ƙwai kafin ki taɓa tuwo. Ki bar lemon kwalba da duk abin sha mai gas, ki janye siga daga shayi da zoɓo. Ki fara tattaki ko na minti goma ne bayan Asuba ko bayan La'asar, kina ƙarawa.

Mako biyun ƙarshe akwai abincin rage hanta. Hantar mai ƙiba takan tara kitse ta kumbura, kuma a kan jakar abinci take kwance, sai an ɗaga ta ake aiki. In an yanke sitaci, mai da siga, takan saki ta ba likita fili. Asibiti zai ba ki tsarinsa, wasu madara da yogot marar siga, wasu kifi ko kaza da ganye. Kwana ukun farko akwai ciwon kai da kasala, daga nan jiki ya saba. Mai yin insulin ko shan maganin siga kada ta fara sai likita ya rage mata adadi, in ba haka ba siga zai faɗi. Kuma kada ki yi walimar bankwana da abinci a daren ƙarshe, akwai waɗanda aka fasa yi wa aiki saboda hanta ta ƙi ɗaguwa. A waɗannan kwanakin ne ni da abokiyar tafiyata muke kiran juna kowace Magariba, kowa ta faɗi abin da ta ci.

Kayan da za ki tanada kaɗan ne: bilenda, rariya mai laushi, ƙaramin kofin awon magani, gorar ruwa mai alamar awo, ma'aunin zafin jiki, bitamin ɗin da aka rubuta miki, doguwar riga sakakkiya da silifas. Kada ki sayi garin furotin da yawa, ɗanɗanon baki yakan sauya bayan aiki.

Ranar aiki da kwanakin farko

Ki bi umarnin daina ci da sha daidai yadda aka faɗa. In kin farfaɗo za ki ji ciki a cike da iska, wataƙila har kafaɗa ta amsa, iskar da aka hura ce don a ga wurin aiki. Cikin 'yan awoyi nas za ta ce ki tashi ki taka. Ki tashi, tafiyar ce ke fitar da iskar, ita ce kuma ke kare ki daga daskarewar jini. Sallah ki yi ta a zaune har sai sujada ta daina ja miki ciki. Yawanci kwana ɗaya zuwa uku ake sallama.

Ki rubuta waɗannan a takarda ki ba mai jinya: bugun zuciya da ya wuce 120 a minti kina zaune, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu da ya ƙi tafiya, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, aman jini ko baƙin bayan gida, da amai da ya hana ruwa zama. Ko ɗaya aka gani, asibiti za a nufa a lokacin, ba kemis ba, ba zauren WhatsApp ba. Amai da ya ɗauki kwanaki yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, don haka ba abin da za a yi haƙuri da shi ba ne.

Abinci, daga ruwa zuwa tuwo

Kusan mako biyun farko ruwa-ruwa ne zalla: ruwa, romon kaza ko kifi da aka tace aka kwashe mai, madara marar kitse, yogot marar siga. Kurɓi ake yi, kamar mililita 30 kowane minti 15. Abin nema shi ne lita ɗaya da rabi a yini, wajen ledar fiya-wata uku, kuma za ki sha mamakin wuyar hakan. In aikinki ya faɗo a bazara, tsakanin Maris da Mayu, gorar nan kada ta bar hannunki, bushewar jiki ce ta fi mayar da mutane gadon asibiti. Nonon da ba a dafa ba ki dakata da shi tukuna.

Mako na uku da na huɗu sai markaɗaɗɗen abinci: alale mai laushi, faten wake da aka cire wa ƙowa, kifi da aka murje cikin miyar kuka ko kuɓewa, awara dafaffiya ba soyayya ba. Daga mako na biyar abinci mai taushi, ƙwai, kifi, niƙaƙƙen nama. Ana so ki sami furotin giram 60 zuwa 80 a yini. Ƙwai ɗaya yana da kusan 6, kofin madara kusan 8, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kusan 30. Tuwo, shinkafa, taliya da burodi su ne na ƙarshe, suna cunkushewa su cinye gurbin abin da jiki ke bukata. Tsire, balangu da kilishi sai bayan watanni.

Wanda ba a cika gargaɗi a kansa ba shi ne kunu, koko da fura mai siga. Suna wucewa sumul ba tare da kin ji ƙoshi ba, ta nan nauyi ke lallaɓowa ya dawo. Ga mai baifas kuma zaƙi yakan faɗa hanji da gaggawa, cikin rabin awa sai zufa, jiri, bugun zuciya da gudawa. Wajen mako na uku sikeli yakan tsaya cak na kwanaki. Kusan kowa na gamuwa da wannan, ba aikin ne ya lalace ba.

Abin da zai bi ki har bayan shekara

Bitamin na har abada ne: haɗaɗɗen bitamin, kalsiyam da bitamin D, B12, da sinadarin ƙarfe musamman ga mai al'ada. Ki raba lokacin shan kalsiyam da na ƙarfe da awa biyu, suna hana juna shiga jiki. Ibuprofen, diclofenac da irin haɗin da ake ƙullawa a kemis don ciwon jiki, ki yi bankwana da su, suna huda sabon ciki da gyambo. Farasitamol ne naki, in bai yi ba likita. Maganin hawan jini da na siga kuma likita ne zai riƙa ragewa yayin da nauyi ke sauka.

Juna biyu a jinkirta shi wata 12 zuwa 18. Ki riƙe wannan da kyau, domin matan da suka shekara da shekaru suna nema sukan sami ciki ba zato da zarar nauyi ya fara sauka, a lokacin da jiki bai da abin ciyar da ɗa. Bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce, a zaɓa miki wata hanya. Azumin Ramadan na farko kuwa, likitoci da yawa kan ce a dakata in aikin bai kai wata shida zuwa shekara ba, domin cikin da ba ya ɗaukar rabin kofi ba zai rama ruwan yini tsakanin Magariba da Asuba ba. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa majinyaci rangwame. Ni na sha nawa na rama daga baya, kuma sanin cewa Anti ma haka ta yi ya rage mini nauyin zuciya ƙwarai. In da hali, ki sa ranar aiki jim kaɗan bayan ƙaramar Sallah.

Tsakanin wata na uku da na shida gashi zai zube, ya kuma dawo, ki sassauta kitso ki riƙe furotin. Fata za ta saki. Saurin ramewa yana iya kawo tsakuwa a matsarmama, ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo a kai shi asibiti. Sai kuma bakin mutane. A gidan biki za a ce "Lafiya kuwa? Kin rame," wata ta raɗa cewa ciwo ne, wata ta ce miji ne ba ya kula. Uwar biki za ta cika miki faranti ta tsaya a kanki. Amsar da muka koya wa juna ita ce, "Na gode Hajiya, likita ne ya sa mini doka, a zuba mini a leda in tafi da shi." Ba wadda ta taɓa jin haushin wannan. In kuwa baƙin ciki ya zauna miki makonni, ba barci, ba sha'awar komai, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, wannan ya wuce hirar 'yan'uwa, a koma wurin likitan ƙwaƙwalwa, ɗaya daga cikin abokan tafiyar ta raka ki.

Komawa asibiti yawanci bayan mako biyu ne, sai wata uku, wata shida, shekara, daga nan kowace shekara da gwajin jini. Na shekara ta biyu shi aka fi watsarwa, jiki ya yi daɗi, kuɗin gwaji ya fara nauyi, alhali a lokacin ne ƙarancin jini da na B12 ke shigowa a ɓoye, nauyi ma ya fara leƙowa. Mu huɗun nan kowa ta rubuta ranakun 'yar'uwarta a kalandar waya. Ana saura mako guda sai a kira ta a tuna mata, ranar kuma da yamma a sake kira a ji abin da gwajin ya nuna.